Wasiƙu Goma Sha Huɗu da Jinkar Tove

Litinin, 6 ga Maris, shida da rabi na safe

Wasiƙa goma sha huɗu na rubuta wa Ƙungiyar Masu Baibaya da Masana Rufin Kara cikin shekara talatin da ɗaya. Goma sha huɗu. Ni Aksel Munk, da na bar makaranta ina ɗan shekara goma sha uku, wanda layi biyar ke cinye masa yini guda. Ko ɗaya ba a amsa ba. Katin Kirsimeti kawai suke aiko mini, shi ma inji ne yake sa hannu.

Shekaranjiya kuwa sai ga ambulan har biyu daga wurinsu a akwatin ƙofa. Na bar su kan tebur sai yau na buɗe.

Ta farko takardar tambayoyi ce. Wai yaya kake ganin amfanin ƙungiya a aikinka, ga ƙananan akwatuna biyar, daga "babu" zuwa "sosai". A can sama kuma an ce ka fara zaɓa: kai mai bincike ne ko mai aikin hannu.

Ta biyu ta ce ɗan Tove Hald ya kai ƙara a kan jinkar gidan uwarsa, wadda na baibaye shekara tara da suka wuce. Ta ruɓe ta gefen arewa, tana yoyo. Jinkar da ya kamata ta kai arba'in. Kwamitin duba aiki zai turo mutum. In suka ce laifin hannu ne, za a cire sunana daga jerin masu baibaya. In suka ce laifin kara ne, sunan ya tsira.

Ba don aiki nake so ba. Tun bara ƙafar hagu ta hana ni tsani. Amma rufi ɗari da ashirin da shida na yi tsakanin tafki da bakin teku, kuma ba zan yarda a binne ni da sunan guda ɗaya ba.

Talata, 7 ga Maris, azahar

Ban cika takardar tambayoyin ba. Na ɗora tukunyar kofi a kanta.

Alhamis, 9 ga Maris, huɗu na yamma

Na je kanti sayen baƙin burodi, na ci karo da Viggo. Shekara arba'in muna ƙwace wa juna aiki a wannan yanki, shi ne kaɗai ya rage da zan iya zagi ya rama. Yana tsaye gaban firjin kifi da wannan tumbin nasa.

Ya ce, "Aksel, an ce Tove ta koma kwana da laima."

Na ce, "An ce kai kuma ka koma ɗaure kara da sukurori kamar mai haɗa kabad."

Ya yi dariya har ya dafa firjin. Sannan ya rage murya ya tambaye ni ko na cika takardar. Na ce ban cika ba.

"Ni a cikin mota na cika tawa," in ji shi. "Babu, babu, babu, har ƙasa. Me suka taɓa yi mini? Mujallarsu rabi Turanci, rabi zanen layuka kamar takardar bugun zuciya. In ina da tambaya sai in jefa a zauren masu baibaya na waya, kafin in gama kofi mutum biyar sun amsa, uku daga ciki sun san abin da suke faɗa."

"To me kake yi a cikinta?"

"Tambarin da ke jikin motata. Sai gashin naman da ake yi a taron shekara. Kai fa, tsoho?"

Na biya burodina na fito.

A hanya na tuna ranar da na shiga. Aka buga jerin 'yan ƙungiya a bayan mujalla, ga sunana a tsakanin wani farfesa da wani mai zanen gini. Matata, marigayiya Dagny, ta yanke shafin ta manna a cikin ƙofar kabad ɗin kofuna. Yana nan. Ban faɗa wa Viggo wannan ba, da ya ba duk yankinmu na Yutland labari.

Lahadi, 12 ga Maris, sha ɗaya na safe

Ban je coci ba. Tove tana zama a layi na uku, sai an wuce ta gabanta.

Litinin, 13 ga Maris, biyar na yamma

Na zaga ta bayan gonar dankali na kalli jinkar daga nesa, inda ba za a gan ni ba. Gefen kudu lafiya lau. Gefen arewa ya yi baƙi, ya lotsa wuri biyu, gansakuka ta hau. Layukan ɗaurin a miƙe suke kamar an ja da igiya. Duk wanda ya san aiki zai ga hannu bai karkace ba.

Hannu bai karkace ba. Na rubuta shi sau biyu don in gan shi.

Gidan nan ya yi shiru da yawa tun da agogon bango ya tsaya. Dagny ce ta san inda ake taɓa shi.

Laraba, 15 ga Maris, shida na yamma

Mutumin kwamiti ya zo, ashe mace ce. Dokta Sidsel Krag, daga jami'a, ba ta wuce arba'in ba, da takalman roba sababbi fil. Na ce mata Dokta, ta ce, "Sidsel kawai, don Allah, Dokta na asibiti ne." Ta zauna a kicin ɗina, ba a kujerar taga ta Dagny ba, na nuna mata ɗayar.

Ta ga damin kara da nake ajiyewa a bayan ƙofa, ta tambaya yadda nake gane mai kyau. Na zaro guda na ciza. Ta zuba mini ido.

Na ce, "Wanda sanyi ya kashe a tsaye kafin a yanka, yana ƙara a haƙori kamar busasshen burodi, kuma ba ya barin komai a harshe. Wanda aka yanka da sauran rai yana lanƙwasa, yana barin ɗan zaƙi. Zaƙin nan shi ruɓa take bi."

Ta ɗauki biro tana rubutu da sauri. Ta ce su sai sun niƙa shi sun kai ɗakin gwaji, sati uku kafin su san abin da na sani da haƙori. Na ce to ai haƙoran ma saura tara.

Na tambaye ta ita wane akwati ta cika.

Ta ce, "Gaskiya kake so? Na biyu daga ƙasa, wanda ke kusa da 'babu'. In na buga aiki a mujallarku, jami'a ba ta ƙirga mini shi. Shugaban sashenmu cewa yake ɓata lokaci ne. Ina ciki ne saboda jerin sunayenku. Ba wani wuri da zan sami mutum ɗari biyu masu hawa rufi in yi musu tambaya."

Na ce, "Ashe mu ne karan, ke ce mai yanka."

Ta yi ja har kunne, ta ce ba haka take nufi ba. Na san ba haka take nufi ba. Amma Viggo ya ce mujallarsu, ita ta ce mujallarku. To ta wa ce? Ni kaɗai ke karanta ta daga bango zuwa bango, da yatsa a kan layi, kuma rabinta ban gane ba.

Jumma'a za ta buɗe jinkar ta ɗebi kara. Viggo zai hau mata, tunda ni ba na hawa. Na ce gefen arewa kawai ya isa, ba sai an taɓa ƙololuwa ba. Ta ce sai an ɗiba daga ko'ina.

Alhamis, 16 ga Maris, bakwai na safe

Ba sai an taɓa ƙololuwa ba. Ba abin da ke can.

Jumma'a, 17 ga Maris, uku na yamma

An sami kwalbar.

Asabar, 18 ga Maris, goma na safe

Jiya ban iya rubuta fiye da haka ba.

Mu tsofaffin nan, in mun gama jinka, mukan tura kwalba a ƙarƙashin ƙololuwa da 'yar takarda a ciki: wanda ya yi, wace shekara, daga wane tafki aka yanko karan. Ba don mai gida ba. Don wanda zai zo ya sake baibaya bayan shekara arba'in, lokacin kai ka daɗe a maƙabarta. Magana ce tsakanin mai aiki da mai aiki. Ba wanda yake rubuta ta da tunanin za a karanta yana tsaye a tsakar gida da sanda a hannu.

Viggo ya gan ta, ya yi ƙoƙarin turawa cikin aljihunsa, na gan shi, kuma zan tuna masa wannan. Amma Sidsel tana ƙasan tsani ta ce, "Mene ne wancan? Miƙo in gani." Ta yi murna kamar ta tsinci zinariya. Ba ta taɓa ganin guda ba, a littafi kawai ta karanta. Ta cire murfin ta karanta da ƙarfi, Tove na tsaye da tiren kofi da kek.

"Aksel Munk ne ya yi, watan Afrilu. Karan sayayye ne, ba na tafkinmu ba. Bai yi mini ba a haƙori. Na tambayi ƙungiya, shiru. Allah ya sa ya riƙe."

Sai da ta kai ƙarshe ta gane abin da ta karanta. Viggo ya tsaya a kan tsani yana kallon teku kamar an aike shi ƙirga jiragen ruwa.

Tove ta ajiye tiren a kan benci. Ta ce, "Aksel, kofinka zai huce."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Na sha. Na ci kek ɗin ma, don ban san yadda zan ƙi ba.

Lahadi, 19 ga Maris, biyu na rana

Wancan hunturun, kafin in yi jinkar Tove, tafki bai daskare ba. Ba ni na hana shi ba. Ba a yankan kara a cikin ruwa har gwiwa, sai a kan ƙanƙara. Kuma ko da ya daskare, kullum ina kan hanyar asibiti wurin Dagny, kilomita sittin zuwa, sittin dawowa. Ranakun da ba na iya zuwa, Tove ce take zuwa ta zauna a bakin gadon, da zarenta da allurarta. An riga an yaye tsohuwar jinkarta tun kaka, tamfol kawai ke kanta, iska na kaɗa shi. Zan bar matar da ke yi mini wannan ta ƙara shekara a ƙarƙashin tamfol?

Sai na sayi karan babbar mota, irin wanda ake kawowa daga ƙetare. Na ciza. Na sake cizawa daga wani dami. Na zauna a cikin mota a filin ajiye motoci, na rubuta wasiƙa ta tara a kan gwiwata. Na sa kara uku a cikin ambulan. Na ce ku da kuke da injina, ku gaya mini, in sa ko kar in sa. Na jira sati biyar.

Sati biyar. A rubuta wannan ma.

Talata, 21 ga Maris, sha biyu da rabi

Ruwa tun safe. Ina jin sa a kan jinkata, ina tunanin inda yake sauka a wani gidan.

Laraba, 22 ga Maris, biyar na yamma

Sidsel ta bugo waya. Ta fara da ba da haƙuri, na ce ta bari, ba ita ta rubuta ba.

Ta je gidan Preben, sakataren ƙungiya, ta sa shi ya sauko da kwalaye daga saman gareji. Wasiƙuna suna nan, duka goma sha huɗu, a cikin kwali ɗaya da na wasu mutane. An buɗe su. An buga wa kowace hatimi, an rubuta "a miƙa wa kwamitin bincike". Ta tara tana nan da karan nan uku a ciki. A shekarar kwamitin bai zauna ba, mutane ba su cika ba. Biyu suna taro a ƙasar waje, ɗaya ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba.

Ta ce, "Aksel, ka san abin da ka rubuta a wasiƙa ta uku? Batun zaƙin nan. Shi ne abin da muka buga bara, mu huɗu, bayan shekara biyar muna aiki. Me ya sa ba ka taɓa aika wa mujalla ba?"

Na ce, "Ina kike tsammani na aika?"



Na ce to yanzu ga kara a hannunki, na jinka da na ambulan. Hannu ne ko kara? Ta ce za ta gwada, amma rufi ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, sai an sami kamar arba'in a kwatanta. Akwai gefen da yake fuskanta, akwai itatuwan da ke kusa, akwai damina. Kuma ba ita ke yanke hukunci ba, kwamiti ne, ita rahoto kawai za ta kai. Sannan ta tambaye ni ko na san sauran gidajen da ke da kwalabe, don in aka tattara su zai zama aiki mai kyau ƙwarai.

Yarinyar kirki ce. Ban ce ba ta kirki ba ce.

Alhamis, 23 ga Maris, takwas na safe

Na goge takalma. Kwat ɗin ta yi mini yawa a kafaɗa. Rabona da ita tun ranar jana'izar Dagny.

Asabar, 25 ga Maris, bakwai na yamma

Taron shekara a garin Viborg. Viggo ya ɗauke ni a motarsa, bai ce uffan a kan kwalba ba, sai surutu a kan farashin wayar ɗauri da ciwon bayansa.

An jera kujera tamanin. Mu goma sha tara muka zo, na ƙirga. Masu hannu a hagu kusa da teburin abinci, masu bincike a dama kusa da wurin cajin waya. Ba wanda ya tsara haka.

Preben ya haska sakamakon takardar tambayoyi a bango. Masu bincike sun ce ƙungiya ta fi amfani ga masu aikin hannu. Masu aikin hannu sun ce ta fi amfani ga masu bincike. Aka yi dariya ɓangare biyu, karo na farko da na ji mun yi dariya tare. Wani farfesa ya miƙe ya ce ƙungiya ta zama gada da ba mai hawa. Wani mai baibaya daga tsibirin Fyn ya ce, "Malam, gada ai sai ta taɓa ƙasa ta gefenmu." Aka tafa. Aka ci gasasshen nama.

Bayan abinci aka kawo shawara: a narkar da ƙungiya cikin babbar tarayyar magina, a daina buga mujalla, a rushe kwamitoci. Ƙararrakin da ke gaban kwamitin duba aiki a rufe su ba tare da hukunci ba. Uku ne. Ɗaya nawa.

Na ɗaga hannu. Na miƙe da sanda. Na shirya magana tun Laraba, amma da na ga fuskokin sai ta gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "To ni wa zai amsa mini?"

Preben ya ce, "Aksel, abokina, za mu yi magana bayan taro." Bayan taro yana ta naɗe wayoyin na'ura, ya ce zai kira ni.

Goma sha shida suka yarda. Biyu suka ƙi, ni da Sidsel. Viggo ya tafi ban ɗaki daidai lokacin.

A mota ya buga mini cinya. "To, tsoho, ka sha. Ba hukunci, ba cire suna. Jerin ma ya mutu kafin a cire ka. Wa ya kai ka sa'a?"

Na ce ya kula da hanya.

Litinin, 27 ga Maris, tara na safe

Preben bai kira ba.

Talata, 28 ga Maris, huɗu na yamma

Ɗan Tove ya ba Viggo aikin sake gefen arewa. An sauke damuna a tsakar gidanta da safe. Na je. Ban nemi izini ba. Na zauna a kan benci na bi su ɗaya bayan ɗaya ina cizawa. Na ware bakwai gefe.

Viggo ya ce, "Kai, ka bar mini wanda zan ɗaura mana. Akuya ce kai?"

Na ce, "Waɗannan bakwai ba za su hau ba."

Ya ɗauki guda ya ciza, ya tofar, ya ce shi bai ji komai ba sai ƙura. Amma bai hau da su ba.

Tove ta fito da kofi. Na ce mata, "Tove, kin ji abin da aka karanta."

Ta ce, "Na ji."

"Ba ki da abin cewa?"

"Me zan ce, Aksel? Na ga yadda kake a wancan watan. Riga ma a juye kake sa ta. Bokiti biyu ne kawai, ba teku ba ce ta shigo." Ta tura mini sukari. "Ka dawo coci, ana tambayarka."

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Yafiya ta ba ni, ni kuwa ba ita na zo nema ba. Wanda aka yafe wa ai an riga an ce ya yi.

Laraba, 29 ga Maris, shida da rabi na safe

Na zauna in rubuta ta goma sha biyar, sai na ga ban san abin da zan sa a bayan ambulan ba. Ofishin babu shi. To zan rubuta a nan, in kwafe sau uku, ɗaya ga Preben, ɗaya ga Sidsel, ɗaya ga tarayyar maginan da ta haɗiye mu, ko da ba su san kara daga tsintsiya ba.

Ba na neman a wanke ni. Na ciza, na ji, na ɗaura. Wannan nawa ne, zan tafi da shi. Amma ni ɗan ƙungiya ne tun kafin a haifi rabinku, kuma an gaya mana an kafa ta ne don mai hannu ya tambayi mai ilimi, mai ilimi ya tambayi mai hannu. Ku kun tambaye ni, na amsa, har da haƙorina. Ni na tambaye ku sau ɗaya a lokacin da ba ni da kowa, da kara uku a cikin ambulan.

Karan nan uku suna nan. Ba rufi arba'in ba ne, ba sai kwamiti ya cika ba. Ku niƙa su. Ku ɗauki sati ukunku. Sannan mutum ɗaya mai suna, ba inji ba, ya ɗauki biro ya rubuto mini abin da da zai ce da ya karanta a wancan satin: in sa, ko kar in sa.

Shekarata saba'in da huɗu. Mai kawo wasiƙa yana wucewa ƙarfe sha ɗaya, kuma ina bakin ƙofa. Ku amsa mini.